Rasuwar Malamarmu Mai Auna Zaiba a Nonon Uwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, ƙaninki ya kira ni a waya ya ce, "Malama ta cika." Ina tsaye a ɗakin gwaje-gwajen da kika shugabanta, sai na nemi kujera na zauna.

Malama, ke kika koya mana auna zaiba a ruwan nonon uwa, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da ake kama zinariya da shi, wanda in ya yi yawa a jikin jariri yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Aikin ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa kwalabe a asid an ɗauraye da tataccen ruwa, uwa ta wanke hannu da ƙirji kafin ta tatsa. Sannan a narkar da nonon da asid a kan wuta, a mayar da zaibar tururi, na'ura ta haska ta faɗi yawanta. Saboda yadda kike lallaɓa kwalaben nan muke ce miki Uwar Kwalabe a bayan idonki. Ashe kin sani. "Gara su," kika ce, "waɗannan 'ya'yan nawa ba sa tambayar kuɗin makaranta."

Ba zan manta da lokacin da sakamakonmu ya fito da yawan da ya tsorata mu ba. Muka matsa a sanar da jama'a. Kika ce a fara bi da ruwa zalla ta hanyar da nonon ya bi. Ruwan ma ya nuna zaiba. Ashe asid ɗinmu ne ya gurɓata. Da mun yi magana a ranar, da iyaye mata da yawa sun yaye jarirai a banza. Muka sake aikin tun daga farko, sai ga shi mata kaɗan ne abin ya shafa.

Cikinsu akwai matar wani maƙerin zinariya. Ta zo tana kuka, ta hana ɗanta nono don tsoro, yaron duk ya yi laushi. Kika ja mata kujera kika ce, "Ƙanwata, ba shi ya sha yanzu, a gabana. Yunwa za ta riga zaibar yi masa illa. Inda zaibar take shigo miki za mu toshe." Da ƙafarki kika je gidansu, kika tarar mijin yana ƙona zinariya da zaiba a ƙofar ɗakin da suke kwana. Ba ki ci masa fuska ba. Kin zauna a kan benci kin nuna masa inda hayaƙin ke bi. Ya ce, "Hajiya, wallahi ban san iyalina nake shayarwa ba." Ya kwashe aikin daga gidan. Da muka sake aunawa bayan watanni, zaibar ta sauka sosai. Yaron nan yana makaranta yanzu, uwarsa kuwa tana cikin waɗanda suka fara isa gidanki ranar rasuwa.

Ki kwanta da kwanciyar hankali, Malama. Hannuwan da kika horar suna nan, kuma ba za mu faɗa wa wata uwa abin da ba mu tabbatar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙaninki, da dukkan ɗalibanki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Duk jaririn da ya ƙoshi da nonon uwarsa ta dalilinki, Allah Ya sa shi a mizaninki. Amin.