Kujerar Kaka 'Yar Babi Na Huɗu

A makarantarmu duk mai son zama sai ya zo da abin zamansa. Akwai 'yan bencina a ajinmu, amma waɗanda gidajensu ke bayan katanga sun riga sun gaje su, ina jin ma a kansu suke kwana. Mu da muke tahowa daga Iku, kafin mu iso har siminti ya cika. Na yi zango guda ina rubutu a kan gwiwata, har takardata ta koyi lanƙwasa da kanta.

Kakata ce ta tausaya mini. Tana da wata kujerar katako mai jingina wadda kafinta ya yi mata daidai tsayinta tun da gwiwoyinta suka ƙi ruku'u da sujada. A kanta take salla. Ta ce tunda kujerar ba ta da aiki tsakanin asuba da azahar, in riƙa tafiya da ita, da sharaɗi ɗaya: kada azahar ɗinta ta yi jira.

Kujerar nan ta fi buhun siminti nauyi, na rantse. Kullum na ɗora ta a ka na bi bakin titi, masu motar Abuja sai sun leƙo suna cewa, "'Yan mata, tashi kuke yi? Ina sauran kayan?" In an tashi kuma sai gudu, ni da kujera, rana na dukanmu. Ina shiga gida zan tarar Kaka ta yi alwala tana dafe da bango.

"Ke ja'ira, ta Minna kika biyo?"

"Kaka, kujerarki ce ta tsaya gaisawa da mutane."

A wannan zangon ne malaminmu na Sibik ya zo kan kundin tsarin mulki. Mutum ne mai kullum kamar bai yi barci ba, a bakin taga yake zama don shi ma ba shi da kujera. Ya ce akwai Babi na Biyu, inda aka jera abubuwan da gwamnati za ta sa a gaba: ilimi kyauta, asibiti, matsuguni, kula da tsofaffi. Muka yi ta tafi. Ya bari muka gama, sannan ya ce mu adana tafinmu, don shi wannan babin jagora ne kawai. Ilimin kyautan ma an ce sai in hali ya yi, kuma kotu ba ta sauraren ƙara a kan babin sai in an yi wata doka ta musamman. Babi na Huɗu kuwa shi ne mai haƙora: ranka, mutuncinka, bakinka, kayanka. In aka taɓa waɗannan kana iya zuwa gaban alƙali.

Na ɗaga hannu. "Malam, benci a wane babi yake?"

Ya dube ni, ya dubi tagar da yake kai. "Na Biyu, 'yata. Ni da ke duka."

Daga ranar na raba gidanmu gida biyu. In Baba ya dawo daga Abuja a gajiye ya ce zai saya mini sabon takalmi in an kwana biyu, sai in ce, "Babi na Biyu." In Mama ta ce in wanke tukwane, wannan Babi na Huɗu ne, hukunci nan take, ba ɗaukaka ƙara. Na gaya wa Kaka cewa har kula da tsofaffi an rubuta.

"Ashe har da ni a ciki? To yaushe za su zo?"

"In hali ya yi, Kaka."

"Shi halin a ina yake zaune? Ko aika masa za a yi?"

Wata Alhamis aka ce manyan baƙi za su zo duba makaranta. Mataimakin shugaba ya sa aka tattara duk kujerun da ɗalibai suka kawo daga gida, aka jera su reras, aka zo da gwangwanin fenti. Kafin in ce wani abu an shafa wa kujerar Kaka tambarin makaranta a jingina, har da lamba. Baƙin suka zo, suka leƙa ta ƙofa, suka gyaɗa kai, suka tafi shan lemo. Da aka tashi na je ɗaukar kujera sai na tarar an zuba su a sito an sa kwaɗo. Mai gadi ya ce oda ce daga sama, abin da ke da tambari kayan makaranta ne.

Ban taɓa jin nauyin hanyar Iku kamar ranar da na bi ta ba kujera ba. Kaka na dafe da bango, ruwan alwala bai bushe a hannunta ba. Ta kalli kaina, ta kalli bayana.

"Ina take?"

Na ce an ba ta aikin gwamnati. Ba ta yi dariya ba.

Muka gwada bakin gado, ya yi laushi, in ta sunkuya sai ta nemi kifewa. Muka kifa turmi, ya yi gajere, ni da Mama muka ɗago ta da kyar tana cije leɓe. Jarka kuwa lotsewa ta yi. Zuwa Asabar gwiwar hagu ta kumbura, sai a kishingiɗe take salla. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Baba ya ce zai je makarantar da kansa in ya sami sarari. Ban ma iya ce masa Babi na Biyu ba.

Ranar Litinin na shiga ofishin Mataimaki. Na kwana ina shirya jawabi irin na lauyoyi, amma ina ganin fuskarsa rabin jawabin ya gudu ya bar ni. Malamin Sibik na gefe yana duba takardu a tsaye.

"Ranka ya daɗe, kujerar kakata na zo karɓa."

"Wace kujera? Duk masu tambari ne."

"Fentin ne naku, katakon nata ne. Bencin da ba ku ba ni ba, na yafe, an ce ba a kai ƙara a kansa. Amma kujerar Kaka 'yar Babi na Huɗu ce, ba a ƙwace kayan mutum haka kawai."

Ya juya wajen Malam. "Kai kake koya musu wannan?"

"Yana cikin manhaja, ranka ya daɗe," in ji Malam, bai ɗago kai ba.

Na zaci Mataimaki zai yi tsawa. Sai kawai ya cire tabarau ya murza ido. A nan na lura tasa kujerar ƙafa uku ce, bulo ne ya tallafe ta huɗun. Ya ce baƙin sun ƙirga kujeru sun rubuta, in suka dawo suka ga babu, shi za a tambaya. Ya ce ya rubuta neman benci har biron ya gaji. Na ce kakata a kwance take salla tun Asabar.

Ya jefo mini makulli. "Ɗauki abarki. Amma ki ji da kyau, lauya: in ta sake shigowa da tambarin nan a jikinta, ta makaranta ce. In kin kankare kuma kin ɓata tambarin hukuma. Ki zaɓa."

Ban jira tashi ba. Na ɗora ta a ka na kama hanya, masu mota na ta tambayar ko an kore ni daga gidan haya ne, ban kula kowa ba. Ranar kujera ta riga ladan isowa. Kaka ta shafa fentin da yatsa, ta ce in karanta mata abin da aka rubuta, na karanta.

"To, ni ma na shiga boko da tsufana," ta ce. Ta zauna a hankali, ta gyara mayafi, ta ta da kabbara.

Washegari ta ce in ɗauka mana, me nake jira. Na ce a'a, ta yi ritaya.

Yanzu bulo nake zama a kai, can ƙarshen aji kusa da taga, inda nake ganin rabin allo da dukan ƙeyar ajinmu. Siket ɗina ya koɗe ta baya, ƙafata kan mutu kafin a fita tara. A jarrabawar Sibik an tambayi bambancin babi biyun nan, na cike shafi har na roƙi ƙari. Da Malam ya miƙo mini takardata na tambaye shi ko akwai labarin benci.

"An ce zango mai zuwa."

"In hali ya yi?"

Ya ce in ɗan matsa da bulona, ina tare masa hanyar zuwa taga.