Fitilar Ɗan Baya

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu in na tuna sai na yi murmushi, amma ya bar ni da tambayar da nake so ku taya ni warwarewa kafin ranar Asabar. Bari in fara da abin da ya jawo shi, don ku san inda aka dosa.

Muna yara a Funtuwa, akwai wani katun da ake nunawa ranar Asabar bayan la'asar. Wasu halittu ne masu kama da zomaye amma da fukafukai, suna zaune a kan gajimare, aikinsu kunna taurari idan rana ta faɗi. A layinmu gidan Baba Direba ne kaɗai ke da talabijin, baƙi da fari, mai aiki da batirin mota, kuma ta taga muke kallo. Ba ma jin Turancin da suke yi, saboda haka mu muka raɗa musu suna. Akwai Hajiya mai ba da umarni. Akwai Jan Kunne, wanda babu wanda ya taɓa ganin launin kunnensa. Sai Ɗan Baya mai ɗauke da fitila, kullum shi ne na ƙarshen isowa. Muna kuma da doka: kafin a fara, kowa sai ya faɗi wanda shi ne a ciki. Yayata Talatu kullum ita ce Hajiya. Ni ne ƙarami, kafin in buɗe baki an gama rabo, sai Ɗan Baya ya rage. Da farko kuka nake yi. Daga baya ko an ba ni wani ba na karɓa.

Yanzu an sabunta katun ɗin. Jikokin waɗancan ne, masu launi, masu manyan idanu, suna waƙa, taurari kuma da agogon hannu suke kunna su. 'Yata Nana, mai shekara bakwai, ba ta da hira sai tasu. Ni na ba ta labarin dokarmu, ta ɗauka ta kafa a falonmu, ita da yaran maƙwabta. Kowa ya zaɓi nasa, saura guda: wani mai tabarau wanda ba ya barin kowa ya gama magana bai gyara masa ba. Nana ta ce wannan nawa ne, wai har tarinsa irin nawa. Na ce mata nawa ba ya ciki, don ko a hoton bango ba su sa Ɗan Baya ba. Ta ce to, ranar Asabar za a fara sabon zango, in ban zaɓa ba za ta ba Kawu Auwal, ƙanen mamarta, har da kujerar da ke kusa da ita. Auwal kuwa tuni ya fara neman aron tabarau.

To ga mafarkin. Na gan ni a bakin tagar Baba Direba, da girmana, da rigar zuwa aiki, ina tsaye a kan bulon da muke takawa don mu kai. Rana ta yi sanyi, layin babu kowa. Na leƙa, sai kawai na tsinci kaina a cikin talabijin ɗin. Komai baƙi da fari ne, har tafin hannuna. Yayyafi na sauka, irin wanda ke cika allo idan iska ta juya eriya, amma ba ya jiƙa mutum, ƙara kawai yake yi kamar ana suyar gyaɗa. Daga can sama na ji muryar Baba Direba yana cewa a juya ta hagu, a ƙara kaɗan.

Hajiya ta zo ta wuce ni tana magana da muryar Yaya Talatu. Maganar ta ƙare, bakinta bai daina motsi ba. Ta yi nuni da hannu, kowa ya kama gudu, ni ma na bi. Muka wuce wata bishiya da wani dutse. Muka sake wuce bishiyar da dutsen. Da abin ya yi yawa sai na lura ƙafafunmu ne kawai ke motsi, bishiyar ce ke zagayowa. Na tambayi Jan Kunne ina muka nufa, ya dube ni ya ƙifta ido, ɗaya ya riga ɗaya, ya ci gaba da gudunsa. Wannan shi ne labarin da nake gaya wa Nana ya fi nasu zurfi.

Sai kawai gajimaren ya ƙare, kamar an yanke shi da almakashi. Daga wannan layin zuwa gaba launi ne zalla, kamar rumfar mai atamfa ana gobe Salla. Sababbin suna can suna waƙa. Gashin jikinsu ana iya ganinsa ɗaya-ɗaya yana kaɗawa. Duk a lokaci guda suke magana, da sauri, suna dariya tun ba a gama faɗin abin dariyar ba. Na gyara tsayuwa ina jiran abin da zan kushe. Sai wata 'yar ƙarama a cikinsu ta zame ta faɗo, duk suka bar waƙar suka bi ta, suka ɗauko ta, wani yana tambayarta ko ta ji ciwo. A namu, wanda ya faɗo sai dai ya baje kamar gurasa ya tashi da kansa, mu kuma mu yi ta shewa a taga.

Na waiwaya ina neman Ɗan Baya. Yana can nesa cikin yayyafin, yana tafe da fitilarsa ta ƙwai, bai iso ba tukuna. Sai wani ya yi tari a gefena. Mai tabarau ne. Cikin ladabi ya ce in ɗan matsa gefe, wai na tare wa masu kallo.

Na juya. Ashe daga ciki ana ganin waje. Allon ya zama taga, ga kawunan yara cunkushe: Yaya Talatu da ɗankwalinta na makaranta, 'yan layinmu da na yi shekara da shekaru ban tuna da su ba, ɗaya yana shan rake yana tofar da ɓawon a ƙafar na kusa da shi. A tsakiyarsu ga Nana, ta ɗora haɓa a bakin tagar kamar a layin aka haife ta. Ta buɗe gwiwar hannu ta tare wani ɗan wuri a gefenta. Auwal na bayanta da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, yana ƙoƙarin kutsawa, ita kuma tana ture shi ba tare da ta ko waiwaya ba.

Suka fara rabo. Ina jin muryoyin kamar daga cikin rijiya: ni ce Hajiya, ni ne Jan Kunne, sai sunayen Turanci na sababbin, duk a cakuɗe, babu wanda ya ce wannan na da ne, wancan na yanzu. Da aka zo kan Nana ta faɗi tata, sannan ta dube ni ta cikin gilashin.

"Baba, saura kai."

A daidai nan Ɗan Baya ya iso. Ya tsaya a bakin layin da launi ya fara, yana haki. Na ce masa, "Me ya sa ba su tafi da kai ba?" Dama ban taɓa jin muryarsa ba. Ya miƙo ƙafa ya tsallako, sai launi ya hau shi daga ƙafa har kunne. Jama'a, ruwan hoda ne. Ɗan Bayan da na sha yin dambe a kansa ruwan hoda ne, irin na jakar makarantar Nana. Yaran taga suka fashe da dariya, har Baba Direba ina jin tasa daga sama.

Ya miƙo mini fitilar. Na karɓa, da ɗuminta, tana warin kananzir. Sannan ya nuna mai tabarau da haɓa. Ban gane ba: in ba shi fitilar ne, ko in tsaya kusa da shi, ko gabatar da mu yake yi? Mai tabarau ya cire tabaransa yana gogewa, sai na ga kunnensa na hagu a lanƙwashe yake, sak irin na Ɗan Baya. Na juya in tambaya, Ɗan Baya ya riga ya koma cikin yayyafin, yana tafiya a hankali, hannunsa babu komai, kuma a karon farko babu kowa a gabansa.

Nana ta sake kirana. Na buɗe baki ke nan sai Baba Direba ya ce batir ya yi sanyi, kowa ya kama gabansa. Hoton ya fara tsukewa har ya koma ɗigon haske a tsakiya, yadda yake yi idan an kashe. Na farka hannuna a dunƙule, kamar mai riƙe da mariƙin fitila.

Da safe na tambayi Nana ko kunnen mai tabarau a lanƙwashe yake. Ta ce ba za ta faɗa ba, mai son sani ya zo ya zauna ya gani da idonsa. Na kira Yaya Talatu na ba ta labari, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ita dai har gobe Hajiya ce, kuma Hajiya ba ta fassara mafarki.

To ku da kuka fi ni sanin irin wannan, wanda ya miƙa maka fitilarsa ya juya, sallamarka ya yi, ko ajiya ya ba ka? In ranar Asabar na zauna a kujerar nan na ce ni ne mai tabarau, na yar da Ɗan Baya ke nan, ko abin da ya nuna mini da haɓa ke nan? Don Allah ku amsa da wuri. Yanzu Auwal ya turo mini hotonsa da tabarau, yana tambayar ƙarfe nawa ake farawa.