Sandar Baba Tsoho a Cikin Rairayi

Cikin duk tatsuniyoyin da kakata Inna Tamu ke yi mana, guda ɗaya ce take tayar da kakanmu daga tabarmarsa. Muna yara ba mu taɓa tambayar dalili ba, mu dai dariya muka sani.

Ƙauyenmu yana kusa da Sae Sabuwa. In an gama kai gero rumbu, sanyi ya shigo, sai mu zagaye murhun Inna bayan an ci tuwo, kowa da ƙwaryar gujiya a gabansa, don ba ta ba da tatsuniya kyauta. Hannu na ɓara, kunne na ji. Ita daga arewa ta fito, cikin masu kiwon raƙuma, kuma har ta tsufa ba ta daina kiran gonar mijinta kurkukun gero ba. Kakanmu Baba Tsoho kuwa Bagobiri ne manomi, wanda ko kara aka gusar a iyakar gonarsa sai ya gane. Yakan zauna can gefe da rediyonsa kamar ba ya saurare.

Inna takan fara da cewa, "Ga ta nan tahe bisa raƙumi." Mu ce, "Ta durƙusa mu hau." In na yi jinkirin amsawa sai ta zungure ni da mafici, irin wasan kaka da jika: "Kai maigida, barci tun yanzu? Ni ba ni zama da raggon miji."

Wai akwai wani manomi, Na-Gona, da ya ji labarin wata ƙasa inda rairayi fari fat ke tashi tudu-tudu, barewa na kiwo garke-garke, jimina na tsere da iska, ga mariri mai dogayen ƙahoni. Ya ce gani ya kori ji, ya ɗora wa jaki salkar ruwa ya kama hanya. Da ya isa, ƙafafun jaki suka dinga nutsewa, kaya ya yi masa nauyi. Sai ya sauke salka, ya binne ta a gindin wani tudu mai doro irin na raƙumi, ya kafa sandarsa a kai, yadda yake kafa aguwa a iyakar gona, ya tafi kallo. A nan Inna takan ajiye labari ta shiga yabon wurin, yadda tudu ke yin ja da asuba, yadda sawun barewa yake kamar an dangwala yatsu biyu. Sai mun yi ƙorafi take komawa kan hanya.

Iska ta taso, ta kwana tana busawa. Na-Gona ya dawo, ba sanda, ba doro, tuddai duk sun sake zama. Yana tono nan, yana tono can, sai yanyawa ta leƙo daga raminta, kunnuwa sun fi kanta girma. Inna ta kafa tafin hannuwanta bayan kunnuwa, ta maƙale murya: "Bawan Allah, mi kake bida? Nan ba gonar ubanka ba ce. Ƙasarku zaune take, tamu tahiya take yi." Mu kuwa har faɗuwa muke don dariya. Daidai nan Baba Tsoho ke kashe rediyo, ya ce bari ya duba jaki. Inna takan bi shi da ido har ya fita, sannan ta ƙarasa a gurguje: yanyawa ta kai Na-Gona rijiya, ya sha, ya koma gida.

"Salkar fa?" mukan tambaya.

"Tana can," in ji ta.

Wata rana na ce ai Na-Gona wawa ne, me ya hana shi saɓa salkar a kafaɗa? Ta dube ni ta ce, "Wani kaya ba shi ɗaukuwa, maigida. Ɓare gujiyarka."

Na girma, na zama malamin lakol, wato makarantar boko, aka tura ni arewa. Baba Tsoho ya riga ya rasu. Wata shekara abokan aikina suka shirya mu ɗauki mota mu je kallon tuddan rairayi da namun dajin wurin. Kafin tafiyar na zo gida, ina yi wa Inna cika baki za ni ƙasarta in ɗauko mata hoton barewa. Ta kori yara daga ɗakin, ta ce in matso.

Ashe Baba Tsoho yana saurayi ya kai gero arewa, ya aure ta, ya zauna can. Shekarar da fari ya cinye dabbobi suka nufo kudu da ƙafa, tana goye da ɗiyarsu ta fari, Hajo, ko yaye ba a yi mata ba. Yarinyar ta rasu a hanya. Suka binne ta gindin wani tudu mai doro, gabas da wata rijiya da ta faɗa mini sunanta.

"Ya kafa sandarshi, ya ce za mu dawo," in ji Inna. "Ni cikin rairayi aka haihe ni, na san banza ce, amma ban hana shi ba. Ya koma shi kaɗai bayan damina, ya dawo hannu wofi, bai sake ɗauko zancen ba. Ni kuma ban iya yin shiru, shi ya sa na maishe shi tatsuniya. In ka ga tudun, ka yi mata addu'a."

Wurin yana da kyau, Inna ba ta ƙara gishiri ba. Mun ga barewa kaɗan daga nesa, mun ga tuje, mun ga sawun yanyawa a bakin rami. Jimina da mariri kuwa, ja-goranmu ya ce sai dai labari. Abokaina suna ta gangarowa daga kan tudu suna ɗaukar hoto, ni kuma na roƙi ja-goran ya biya da mu ta rijiyar. Tana nan, har da makiyaya suna ban ruwa. Na juya gabas. Tuddai ne iyakar ganin ido, kuma kowane da doronsa. Ja-goran ya ce ai ba sa zama, kowace shekara iska na tura su kudu da yamma, wanda mahaifinsa ke kafa tanti a gindinsa ma ya daɗe da wuce rijiyar. Na ɗaga hannu na yi wa tuddan duka addu'a. Na tuna Baba Tsoho shi kaɗai a nan yana tono, hawaye suka zubo mini.

A hanyar gida na yi tunanin in ce mata na gani, amma ba a yi wa 'yar rairayi ƙaryar rairayi. Na faɗa mata yadda aka yi.

"Tuddan, ina suka nuhwa?" ta tambaya.

"Kudu da yamma, Inna."

Ta juya fuska kamar mai neman alƙibla. "Wajenmu ke nan," in ji ta. "To madalla. Mu mun kasa komawa, ga shi tudun yana tahowa." Ta ce in hura wuta ta ɗora shayi.

Da muna yara na ɗauka darasin shi ne kada baƙo ya kai wa wata ƙasa dabarar garinsu. Yanzu ina ganin ko ni ne a wurin sai na kafa sandar, ko da na san iska na zuwa, don mutum ba ya iya juya wa irin wannan wuri baya hannu sake. Inna ta bi mijinta, suna kwance kusa da juna a bayan gari, inda ƙasa ba ta tafiya. Ni nake yi wa 'ya'yana tatsuniyar yanzu, gujiya a gabansu. In na kafa hannuwa bayan kunnuwa na maƙale murya, sukan yi ta birgima don dariya. Ni kuma sai in ce su jira ni, bari in duba babur a waje.