Jajayen Silifas na Baba Mai Takalma

Duk wanda ya shiga tsohon garin nan da takalmin gayu, sai duwatsun titi sun ci rabonsu. Nawa ko awa guda bai yi ba ya wangale baki. Shekara bakwai ke nan, lokacin na bar makaranta a aji huɗu, na bar shagon walda bayan wata biyu, na hau mota na zo kallon gari, kamar wani ne ya aike ni.

A bakin tsohuwar ƙofar garin akwai rumfar Baba Mai Takalma. Benci ɗaya, gwangwanin ƙusoshi, zare, gam, sai wasu silifas da aka shafe da jan fenti, rataye a ƙusa. Ya karɓi takalmina yana jujjuya shi.

"Wa ya sayar maka da wannan?"

"Abokina ne, Baba."

"Sake aboki."

Baba ba ya barin wanda ya kawo gyara ya zauna masa a benci. Sai ya sauko da jajayen silifas ɗin ya ba ka aro, ya tsara maka hanya. Ka bi layin masu fitilu da mayafai, ka yi ciniki amma kada ka saya a shagon farko. Ka ci abinci a gida mai koren ƙofa, ka zauna kusa da taga. Ƙarfe biyar ka hau matakala ɗari da goma sha biyu zuwa dandalin sama, inda makaɗa ke zama, ka tsaya a gaba-gaba. Kafin ka sauko gam ya kama.

Ni ma haka ya yi mini. Na yi taku goma ke nan, wata mai sayar da mayafai a maƙwabtansa ta yafuto ni.

"Ɗan nan, ka ga matakalar da ya ce? Ka tabbata ka hau."

Ita ta ba ni labarin. Mai busa sarewa a dandalin sama ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara ba su yi magana ba. Ranar da ƙanen ya ajiye sana'ar mahaifinsu ya ɗauki sarewa, Baba ya ce kada ƙafarsa ta ƙara taka rumfar nan. Shi kuma ya ce to, Yaya ma kada ya hau masa matakala. Kowa ya riƙe tasa. Amma kullum sai jajayen silifas sun hau sama a ƙafar wani baƙo. Mai sarewa ya gan su, ya san yayansa ya tashi lafiya. Baƙon ya sauko, Baba ya tambaye shi labarin kiɗa, shi ma ya san ƙanensa na nan. Ranar da babu baƙo, ita take sakawa ta hau, da ciwon gwiwarta.

"Haba Gwaggo," na ce, "ni da nake hawa bishiya? An gama."

To, ni dai ban san abin da garin nan ya zuba mini ba. A layin masu fitilu na yi cinikin agogon bango da ba ni da bangon rataya shi. A gida mai koren ƙofa aka kawo mini shinkafa da gasasshen kifi, na ci, na ce a ƙaro, na kora da shayi. Da na fito sai na ji ganga da jita a wani lungu, wasu samari suna gwaji a bayan shagon aski. Na leƙa don minti biyu. Aka ce wa ya iya rawa, na ce ga ni. Ina cikin juyi da jajayen silifas, mutane na tafi, na ɗaga kai na ga an kunna fitilun titi. Na je gindin matakala, na dube ta, na dubi cikina, na ce a raina kwana ɗaya ai ba zai kashe kowa ba.

Na tarar Baba ya gama, ya goge takalmin har yana ƙyalli. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya kiɗan?"

"Kai, Baba! Mai sarewar nan ba dama. Har ƙwalla na yi."

"Ya yi tari?"

"Ko sau ɗaya."

Sai ya ajiye burushi. "Shekara goma yana tari tsakanin waƙa da waƙa. Ko dai ba ka hau ba, ko kuma ba shi ka gani ba." Ya kafe ni da ido, muryarsa ta sauka. "Wanne ne, ɗana?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina buɗe baki, sai muka ji tari daga bakin layi. Wani dogon tsoho ne yake tahowa da sassarfa, sarewa a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hammata. Ya ja birki daidai bakin rumfa, bai shiga ba. Ya dubi Baba daga sama har ƙasa yana haki.

"Ashe ba ka mutu ba."

"Da ka so?"

"Na busa waƙa tara ina kallon ƙafafun mutane kamar ɓarawon takalmi! Wa ka ba silifas yau?"

Su biyun suka juyo kaina. Na ce, "Ni dai baƙo ne."

"Baƙin ciki dai," in ji mai sarewa.

Baba ya miƙa hannu. "Kawo takalmin nan. Wane mugu ne ya yi maka wannan ɗinki?"

"Ba ka ce kada in taka rumfarka ba, Yaya?"

"Ƙafa na ce. Zauna a benci ka ɗaga su sama."

Wallahi haka ya yi. Tsoho mai furfura ya zauna ƙafafu a sama, suna ta musu a kan wanda ya fara, Gwaggo mai mayafai tana share ido da hajarta.

Bara na koma. Rumfar ta zama shagon kayan waya, an sa gilashi da fitila mai walƙiya. Gwaggo ta ce Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, amma kafin nan kullum da safe ƙanen yana saukowa su yi faɗansu su sha shayi.

Na hau matakalar, ɗari da goma sha biyu cif, na ƙirga. Yana nan yana busa, yana tari, jajayen silifas a ƙafarsa, fentin duk ya koɗe. Na tsaya a gaba-gaba. Da ya kai ƙarshen waƙa ya ƙura mini ido, ya nuna ni da sarewa.

"Kai ne maƙaryacin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Sai yanzu ka iso?"