Ba Wanda Ya Koro Mu

Ranar da shugabar ƙungiyarmu ta mata ta ce za mu taka da ƙafa daga Arlit zuwa wata rijiya ta wajen Gugaram don taimakon matan da yaƙi ya koro, ni na fara ɗaga hannu, ba don na gane ba. Haka Allah ya yi ni, in abu ya shige mini duhu sai na bi shi na ga ƙarshensa. Ƴan kasuwa, Katsinawa da mutanen Maraɗi, sun yi alkawarin kekunan ɗinki da buhunan gero in mun kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya haɗa kumburin ƙafata da buhun gero. Maigidana, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin yuraniyom kafin ya ajiye aiki, ya yi dariya har da tari. Ya ce tunda yake bai taɓa jin an yi wa gurgu jaje da ɗingishi ba. Na ce masa ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, ya ci gaba da shan shayinsa.

Maƙwabciyata tana cikin matan da ake tafiyar dominsu. Daga yamma ta zo, can wajen iyaka, bayan an ƙone zangonsu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, awakinta biyu ma sun fi sanin tsakar gidana a kan nata. Ba a sa ta cikin tafiyar ba, don wa zai ce wa wadda ta yi kwanaki tana gudu da ƙafa ta zo ta sake? Ita da kanta ta same ni ina wanki. Tamajak ne harshenta, Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, ki tafi da ni. Ƙanwata ya ɓace a hanya. Makiyayan yamma suna shayarwa a wannan rijiya."

Na ji kunya, don duk zamanmu ban san tana da ƙanwa ba. Ashe a wurin gudun ne jama'arsu ta rabu biyu, ita ta bi wasu, ƙanwar ta bi wasu. Ta tambayi direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, a tasha har sun gaji da ita, ta yi aike, shiru. Zuwa da kai ya fi aike, amma mace ba ta shiga wannan dajin ita kaɗai.

Muka tashi bayan sallar asuba, mu wajen ashirin, da sababbin takalman baskit irin na ƴan wasa, mota tana bin mu da ruwa da tabarmi. Ita tsohon takalmin fata ta sa. Muka wuce tulin ƙasar ma'adinai muna ta surutu kamar masu zuwa suna. Kafin azahar bakin kowa ya mutu. Duk kamiyon da ya zo sai ya tsaya, don a wannan hanya ba a wuce mai tafiyar ƙasa. Wani direba mutumin Tawa ya yi ta roƙon mu hau, da muka ƙi ya tafi yana faɗa, wai mun sa shi ɗaukar alhaki.

Ni kuwa ita nake kallo. Ba ta kwankwaɗar ruwa, jiƙa baki kawai take yi. Mu muna ta waiwaye mu ga nisan da muka yi wa gari, ita ko sau ɗaya. Da na kasa haƙuri na tambaye ta dalili, sai ta ce mai waiwaye shi ke ganin wanda ya faɗi. Ban sake tambayar ta komai ba ranar.

Washegari motar ta kafe a yashin wata busasshiyar ƙorama. Shugaba ta ce rijiyar ba nisa, mu ci gaba. Muka ɗora bidon ruwa, wato jarkoki, a ka, muka lulluɓa da zannuwa saboda rana, muka shiga layi ɗaya muna ɗingishi. Babu wadda ta yi tunanin yadda muke a idon mai hango mu daga nesa, kuma babu wadda ta tuna a aika wa mutanen wurin cewa muna tafe.

Wajen la'asar muka hango zangon makiyayan. Na ga mata suna tuge turakun bukkoki suna ɗaure tabarmi a kan jakai, ana kora awaki wajen dutse. Har na ce wa ta kusa da ni mun yi rashin sa'a, ranar tashinsu muka zo. Sai ga wani dattijo a kan raƙumi, rawani ya rufe masa baki, ya tsaya gabanmu ya yi magana da Tamajak. Maƙwabciyata ta sauke bidonta a hankali.

"Yana tambaya, kwana nawa ne tsakaninmu da su."

Na ce su wa. Ta ce masu bindiga.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A wurinsu, mata a layi da ƙafa, ba namiji, ba dabba, ma'anarsa ɗaya ce. Ta yi ta yi masa bayani, shi kuwa yana duban takalmanmu. Ya tambaya wa ya koro mu, aka ce ba kowa. Ya tambaya me ya ɓace mana, shugaba ta ce a faɗa masa ba komai. Maƙwabciyata ba ta fassara wannan ba. Ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ba shi tata amsar.

Aka sauke jakai, matan zangon suna yi mana dariyar da ta fi zagi ciwo, kuma mun cancanta. Na ɗauka nan take za a shiga maganar ƙanwar. Ina! Ba a ba baƙo labari sai ya sha ruwa, ya sha nono, an zagaya da shayi sau uku. Ni da ba ƙanwata ba na ƙagu har ina mutsu-mutsu a kan tabarma, ita kuwa ta riƙe ɗan kofinta tana kurɓa.

Bayan kofi na uku ta kwatanta ƙanwar ga wata tsohuwa: doguwa, mai cindo a hannun hagu. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo. Sai daga baya aka fassara mini. Mai cindon ta zo nan, ta yi damina guda tana yi musu tatsa, duk ayarin da ya sauka sai ta tambayi labarin yayarta. Wasu matafiya suka ce mata sun ga an binne yayar a hanya. Ta sayar da mayafinta ta yi mata sadaka, tsohuwar ma ta ci. Daga nan ta bi wasu mata zuwa Cibarakatan, wurin masu haƙar zinariya, tana dafa musu abinci.

Maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Hajiya, ashe na mutu ban sani ba." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta.

Da muka koma Arlit kwana ɗaya ta yi. Ta miƙo mini makullinta ta kan katanga, ta hau kamiyon masu zinariya. Aka raba kekuna da gero ba ta nan, na ajiye mata rabonta. Sati ya wuce, na biyu ya wuce, na fara zargin kaina, don hanyar can ba ta da kyau kuma ni na kai ta inda ta ji labarin.

Ran wata Laraba ina tankaɗe wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar maƙwabciyata ce, da wata murya a gefe mai kama da tata tana ta magana.

"Hajiya, ki yi haƙuri da awaki, ba zan iya zuwa yanzu ba. Ƙanwata ya riƙe mini zane. Ko bayan gida zan je sai ya bi ni."