Desappan Ya Ƙi Shiga Gaban Raƙumin Ruwa

Desappan maƙwabcina ne, tare muka tashi a bakin teku, kudu da birnin Chennai na ƙasar Indiya. Tun gemu bai tsiro masa ba yake fita su a kwalekwale, har kafaɗa ta gaji da jan koma. Ɗan ƙanwarsa Vetri, mai koya wa baƙi hawan raƙumin ruwa a kan allo, ya ce zai ɗauke shi aikin tura wa 'yan koyo allo, amma sai ya iya hawan da kansa tukuna.

Na je kallo, na yi da-na-sani. Aka tuɓe wa dattijo zanensa, aka cusa shi cikin wando mai ɗame jiki, mai tsamin zufar baƙi. Aka ɗaura masa igiyar allon a ƙafa kamar akuya a turke. Aka kifa shi rub da ciki kan rairayi yana iyo a tudu, mata masu shanya kifi sai shewa suke. Na kau da kai na tofar da yawu.

A cikin ruwa abin ya fi muni. Mu masunta, in za mu dawo gaɓa, ba ma shiga gaban raƙumin ruwa. Tsayawa ake ya wuce, a bi bayansa, in ba haka ba kwalekwale ya kife. Shi kuwa Vetri so yake ka shiga gabansa ya kwashe ka.

"Kawu, ga shi nan! Ja ruwa!" in ji Vetri.

Desappan ya fara ja da hannu. Da ya ji abin ya taso a bayansa, sai hannun ya tsaya da kansa. Raƙumin ya wuce ta ƙarƙashinsa, shi kuma ya lallaɓo a baya har gaɓa.

"Kawu, jira kake ya gaishe ka?"

"Kai yaro, irin wannan ne ya sa uwarka takaba."

"Allo ne fa, ba kwalekwale ba!"

"Teku ta san bambanci?"

Haka suka yi ta fama har lokacin zuwan baƙi ya ƙarato. Ran ƙarshe Vetri ya gaji, ya hankaɗa allon da ƙarfi gaban wani babban raƙumi. Desappan ya zame ta baya ya nutse, allon ya fizgo shi ta ƙafa har bakin kwatar da ke zubo dattin gari. Ya taso yana amai.

Vetri ya ɗauki wani ya ba shi aikin. Yanzu Desappan feɗe kifi yake a rumfar matan nan, cikin ƙuda.