Yadda Keke Ya Fasa wa Baba Saifa

Har yau duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwa, hannun Baba yake tambaya. "Ya hannu, Malam? Ɗorin ya kama?" Hannu ya kama tuntuni, kuma ba shi ne ya kusa kashe shi ba. Mutanen unguwarmu sun riƙe cewa babur ke kisa, mota ke kisa, keke kuwa iyakarsa ya kayar da kai, yara su yi dariya, ka tashi ka kaɗe riga. Ni ma da haka na taso. Ƙarya ne. Keke ya fasa wa mahaifina saifa, ya wuni ya kwana jini na zuba a cikin cikinsa, mu kuma muna kewaye da shi muna miƙa masa kunu.

Baba noman rani yake yi. Gonarsa ta tattasai tana fadama, bayan jinga, tudun ƙasar nan da aka ja don tare wa Hadejia ambaliya. A kan jingar yake bi da keke kullum, tiyo naɗe a kariya, jarkar man injin ban-ruwa rataye a hannun keken. Robar da ake riƙewa ta cinye tun ina firamare, bakin ƙarfen ne kawai a buɗe. A shekarar shanu sun bi ta kan jingar tun tana da laima, sawunsu ya bushe ya zama ramuka. Tayar gaba ta faɗa ɗaya, jarkar ta yi lilo, kan keken ya juye a gicciye, Baba ya tafi da nauyinsa duka ya faɗa a kan bakin ƙarfen, sannan ya gangara gefen dama ya dafa ƙasa da hannu.

Duk wannan daga baya muka ji. A ranar, abin da ya faɗa da ya shigo yana tura keken da hannu ɗaya shi ne, "Na ɗan zame."

Wuyan hannunsa na dama ya kumbura ya karkace, don haka nan idon kowa ya tafi. Inna ta aika aka kira mai ɗori, wani dattijo da babu gidan da bai taɓa shiga ba a unguwar. Ya ja, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Baba ko tari bai yi ba. Sai da aka gama ya ce kafaɗarsa ta hagu ma tana damunsa. Dattijon ya lalube ta, ya ɗaga hannun, ya juya shi, ya ce nan babu karaya babu gocewa, buguwa ce. Gaskiyarsa ya faɗa. Ƙashi ya sani, ƙashin kuma lafiyarsa lau.

Kafin azahar Gwaggo ta iso, yayar Baba, wadda ta goye shi yana yaro, har gobe kuma haka take kallonsa. Ko zama ba ta yi ba ta ce jini ne ya kwanta, a dafa ruwa a gasa. Haka ake yi a gidanmu da duk gidajen da na sani: wanda ya bugu, ruwan zafi da tsumma da man zafi, a danna har jinin ya watse. Ta gasa kafaɗar. Baba ya ce gefen cikinsa ma, ta cusa tsumman ta ƙarƙashin riga tana dannawa ba tare da ta ɗaga ba, don muna tsaye. Na ga ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ka daure mana," in ji Gwaggo. "Kai da aka yi wa ɗori ba ka motsa ba, ruwan zafi ne zai gagare ka?"

Daga la'asar 'yan dubiya suka fara zuwa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Baba ya sa hula ya fita ya zauna, saboda a wurinsa abin kunya ne manya su zo su tarar da shi kwance. Ni ke kai ruwa da goro, ina jin su. Wannan ya ce ya jiki, Baba ya ce da sauƙi. Wancan ya ce ya jiki, da sauƙi. Ban taɓa jin marar lafiya a garinmu ya ba da wata amsa ba. Kakata ma da sauƙi ta ce mini a ranar da ta rasu.

Cikin masu zuwa akwai abokinsa, wani Bafulatani daga wajen Baturiya da ke sayen harawa a hannunsa duk shekara. Mu asalinmu Barebari ne, don haka tun daga bakin ƙofa ya fara tsokanar wasan da ke tsakaninmu da Fulani.

"Ina bawan nawa? An ce jakin ƙarfe ya yar da kai. Ban hana ka hawan abin da ba ya cin ciyawa ba?"

"Shanunka ne suka haƙa mini kabari a kan jinga," in ji Baba. "Ka shirya diyya."

"Diyyar Babarbare ai ƙwarya ɗaya ce ta nono, ita ma tsala."

Zaure ya ɗauki dariya. Baba ma ya fara, sai ta yanke a tsakiya, ya kai hannu ya kama kafaɗar hagu. Aka ce sannu, aka ci gaba da hira.

Da safe a zaune ya yi salla. Lokacin sanyi ne, kowa da rigar sanyi, shi kuwa goshinsa zufa. Ya sha ruwa kofi guda, ya ce a ƙaro, ya sake cewa a ƙaro. In ya kwanta kafaɗar ta fi tsananta, sai ya jingina da bango. Gwaggo, da ta kwana a gidan, ta ce alamar jinin ya fara watsewa ne, a sake ɗora ruwa.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, kuma ban iya zagaye-zagaye ba. Ba wani ilimin likita gare ni ba, sakandare na gama. Abin ne kawai ya ƙi shiga kaina.

Na ce, "Baba, ta wane gefe ka faɗi?"

"Dama, uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"To me ya kai ciwo hagu?"

"Ji mini 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ciwo sai ya nemi izininki kafin ya zaɓi gefe?"

Baba ya yunƙura zai miƙe, wai a mayar masa da tabarma zaure. Bai kai ga tsayawa ba ya koma ya zauna daɓas, idonsa ya juya. Na kama tafin hannunsa: sanyi ƙalau, fari fat kamar an wanke shi da toka.

Na ce, "Ɗaga rigarka."

Tun da aka haife ni ban taɓa ganin cikin mahaifina ba, ko singileti ba ya fitowa da ita tsakar gida.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ubanki za ki ce ya tuɓe? Ke wace irin fitsararriya ce?"

Na durƙusa na ɗaga rigar da kaina.

A ƙasan haƙarƙarinsa na hagu akwai wani zagaye, daidai bakin kwalba, ja ya koma baƙi, tsaf kamar an buga hatimi. Bakin ƙarfen keken ne. Fatar ko tsagewa ba ta yi ba. Amma cikin ya tashi ya ɗaure, Baba da cikinsa ke manne da baya. Na ɗora yatsa kaɗan, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ban kuma so in sake ji.

Da gudu na fita titi, ko takalmi ban sa daidai ba, na taro mai adaidaita har ƙofar gida. Na dawo na tarar Baba ya gyara riga ya sa hula. Wai ba za shi ba.

"Mutanen Kaugama suna hanya," ya ce, yana magana yana hutawa. Dangin Inna ke nan, surukansa. "Sun taso tun safe saboda ni. Su zo su tarar ba na nan? In sun tafi sai mu je."

Wallahi da gaske yake. Mutum ba ya iya tsayuwa, lissafin kunyar surukai yake yi. Gwaggo kuma tana gyaɗa kai, wai ai gaskiya ne, ba a yi wa baƙi haka.

Na ce, "Baba, ko dai su gaishe ka a asibiti, ko su yi mana ta'aziyya a nan. Zaɓi."

Gwaggo ta yi salati da ƙarfi. Na ɗauka Inna za ta mare ni, don ba ta taɓa barin ɗayanmu ya ɗaga wa Baba murya ba. Ta dube ni, ta dubi tafin hannunsa da ya yi fari fat. Sai ta jawo mayafinta daga kan ƙofa.

"Malam, tashi," ta ce. "'Yan'uwana ne, ni zan ba su haƙuri."

Mai adaidaitan da wani maƙwabci ne suka ɗauke shi. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai ya ce Allah, a hankali, kamar ba ya so mu ji.

A asibiti wata nas ta ɗaura masa abin awon jini tana yi mini faɗan takalmina da na shigo da laka. Ta duba, ta sake dubawa, faɗan ya tsaya. Ta fita da sauri ta dawo da likita. Aka ɗauki hoton cikin. Likitan ya kira mu gefe, ni da Inna da Gwaggo, ya ce saifa ce ta fashe, jini ya taru a ciki, tiyata za a yi yanzu-yanzu. Na tambaye shi kafaɗar fa? Ya ce kafaɗar ba abin da ya same ta. Jinin da ya taru ne ke taɓa wani wuri a sama da cikin, zafin sai ya fito a kafaɗar hagu. Ya tambaya ko an danna cikin. Ya dubi fuskokinmu, bai sake tambaya ba. Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa, a kan siminti, tana kallon hannayenta.

Sai aka ce ana neman jini, da yawa, kuma nan take. Na tsaya a baranda kaina ya ɗaure, ban san ta ina zan fara ba. Ina ɗaga ido na hango su suna shigowa ta ƙofar asibiti: mutanen Kaugama da ledar lemo, maƙwabta, abokan sallarsa, har Bafulatanin da sandarsa. Sun je gida ba su same shi ba, suka biyo sawu don dai a yi gaisuwar. Mutanen da ɗazu nake jin kamar in kore su da tsintsiya, su ne suka naɗe hannun riga suka yi layi. Jinin kawunnaina biyu ya dace, na Bafulatanin ma ya dace.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a ɗakin tiyata ba. Abin da na sani, wata ma'aikaciya ta fito da wata babbar kwalba za ta wuce da ita, na ga abin da ke ciki kafin ta rufe da zane. Jinin Baba ne, wanda aka zuƙo daga cikinsa. Na taɓa ganin an yanka rago, na san yawan jinin rago. Wannan ya fi. Da wannan a cikinsa ya zauna a zaure da hula yana raha da mutane. Na dafa bango na yi amai a cikin kwata.

An cire saifar gaba ɗaya. Likita ya ce mutum na rayuwa ba ita, sai dai a kula da zazzaɓi, kada a yi wasa da shi ko kaɗan. Ya kuma ce da mun jira baƙin sun zo sun tafi, da ba wannan maganar muke yi ba.

Da Baba ya farfaɗo har ya fara gane mutane, Bafulatanin ya leƙo ya ce, "To, yanzu jinina ke yawo a jikinka. Ka zama ɗan gida, gobe sai kiwo."

Baba ya motsa baki da ƙyar. "Shi ya sa tun da na farka nake jin tsoron gari."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na kasa. Har yanzu in na ji ana dariya kusa da shi, fuskarsa nake dubawa.

Gwaggo ba ta ƙara ce mini fitsararriya ba, ba ta kuma ce na kyauta ba. Kullum tana zuwa da farfesun kifi, ta ajiye, ta zauna nesa da gadon.

Yanzu yana gida. Ɗinkin ya taso daga ƙasan ƙirji har cibiya. Sharaɗin likita a fili yake: ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, ba hawan keke, sai ya gan shi ya sallame shi da bakinsa. Amma tattasai ya fara fure, maƙwabcin gonarmu da ke taimaka mana da ban-ruwa shi ma nasa aikin ya sha kansa. Jiya ina shara na ji Baba a zaure yana yi wa mai gyaran keke magana ƙasa-ƙasa, wai ya zo ya miƙe masa kan keken, jibi yana so ya leƙa fadama, leƙawa kawai. Mai gyaran ya ce, jikin fa? Kun san amsar da ya ba shi.

Faɗa ba zai hana shi ba, roƙo ma haka. Ranar da na juya baya zai fita. Na iya keke tun muna aji biyu, a kan na wata ƙawata na koya a filin makaranta, kuma na sha tayar da injin nan in na kai masa abinci. Don haka na bar mai gyaran ya yi aikinsa. Gobe da sassafe zan ɗaure hijabina a ƙugu, in ɗaure jarka a kariya, in hau in tafi ban-ruwan da kaina, kullum, har likita ya sallame shi. Gwaggo za ta yi magana, unguwa ma za ta yi. Su yi. In keken yana fadama tare da ni, Baba ba zai same shi a zaure ba.